Igiyar Tasalla

Da sunan Allah, wanda ya kafa duwatsu ba da taimakon kowa ba, ya ajiye ruwa a gindinsu, ya bar wa 'yan Adam ɗawainiyar ɗebowa. Ku gyara zama, ku da kuka zo jin labarin tsoho. Na ratsa ƙasar da ba ta ɗaukar ƙafa, na zauna a garin da ba a sauka daga cikinsa, na shiga birnin da ake jefa mutum daga kan dutse saboda abin da hannunsa ya ƙera. Ba dukiya ta fitar da ni ba, ba kuma neman sarauta ba. Mutum ɗaya na fita nema. Sunansa ba zai fito daga bakina ba, yau ko gobe. Ku kira shi Mai Mundaye, yadda ni ma zan kira shi.

Mu biyu mahaifiyarmu ta bari a Kwarin Gawo, ni da yayata Tasalla, ita ce kuma ta rene ni. Tasalla ba ta iya ganin mutum cikin wahala ta wuce. Ba tausayi ne ya yi mata yawa ba, haushi take ji. In ta iske mace a durƙushe tana niƙa, gwiwoyinta sun yi kanta, sai ta riƙe ƙugu ta ce, "Wai wannan wautar har yaushe?" Ta yi ta sassaƙar dutse a bayan ɗakinmu har ta fitar da guda biyu kewayayyu, ɗaya a kan ɗaya, da gajeren itace a tsakiya wanda ta kira cibiya. A zuba hatsi ta rami a sama, a kama mariƙi a juya, gari ya riƙa zubowa ta gefe, mace kuwa tana zaune a kan kujerarta. Mazan garinmu suka ɗanɗana tuwon, suka ce bai kai na durƙuso daɗi ba.

Ta kuma ɗora igiya a kan reshen gawon da ke bakin rijiya, guga a wannan gefe, dutse a wancan. Dutse na sauka, guga na hawa cike da ruwa, da ɗan ja kaɗan. Sai reshen ya cinye igiyar ta tsinke, guga ya faɗa rijiya, gari ya daɗe yana dariya.

"Bar su, Auta," in ji ta. "Nauyi ba mugu ba ne. Samo masa ɗan'uwansa a ɗaya gefen, shi zai yi maka aikin. Abin da ya rage mini kawai, in sami abin da igiya za ta bi bai ci ta ba."

Daga bakin fatake ta ji labarin Birnin Ƙololuwa, inda ake girmama mai dabara. Ta ɗaure dutsen niƙanta a kan jaki ta bi ayari. Ta bar mini faifai biyu da ta saƙa, ta ce, "Ka riƙa rufe abincinka. In na dawo na iske sun yi dauɗa, ni da kai ne."

Damina ta zo ta wuce, wata ta biyo ta. Sai ga ayarin Madugu Nomau, mai fataucin gishiri, ya sauka a bayan garinmu. Ina wucewa na ji gurnanin da na sani, na dutse a kan dutse. Na leƙa, na ga matar madugu a gaban dutsen niƙa mai juyi. Kafin ta kama mariƙin sai da ta ambaci sunan wani namiji.

Na ce, "Inna, sunan wa kika kira?"

"Mai dutsen mana. Haka ake yi a inda muka saye shi."

Madugu ya daɗe yana duban tsaga biyun da ke kumatuna. Ya ce, "Samari, zauna. Mai saurin maganar nan, mai irin tsagarka, mece ce taka?"

"Yayata ce."

Ya sauke kai. Sannan ya faɗa mini dokokin Ƙololuwa. Ba mai taɓa wani abin dabara sai ya kira sunan wanda ya ƙirƙiro shi. Sun gaskata cewa wanda ya san sunan gaskiya ya kira wani, hannunsa zai shanye. Wanda ya kawo sabon abu, shi zai gwada shi da kansa a gaban Magajiya, mai mulkin birnin. In ya yi, a sa masa munduwar ƙarfe, a riƙa kiran sunansa har abada. In bai yi ba, a tura shi daga bakin dutse.

"Kowane baƙo a gidan mai masauki yake sauka," in ji Madugu. "A can yayarka ta sauka. Ranar gwaji ta kama mariƙi ta juya, cibiya ta karye, dutsen sama ya zame ya murƙushe ƙafar wani dogari. Ba ta ma gama cewa a ba ta wani itace ba aka tura ta. Da kaka ta yi, mai masauki ya fito da wannan dutsen, da cibiyar ƙarfe, aka sa masa munduwa a wuya."

"Tasalla ba ta sa ruɓaɓɓen itace."

"Ba ruɓewa ya yi ba. Na tsinci guntun bayan an watse. An ci rabinsa da zarto, an shafe wurin da laka."

"Ka gani, ka yi shiru?"

"Ni baƙo ne, da jakuna da gishiri, kuma a gidansa na sauka. Kada ma ka roƙe ni, ba zan tafi da kai ba. Fuskarka kaɗai ta isa ta jawo wa ayarina bala'i."

Ban yi kuka ba a ranar. Na ɗauki faifan nan biyu, da sanda, da salka, na rantse aska ba za ta taɓa fuskata ba sai gemu ya binne tsagar. Tun da hanyar ayari ta ƙi ni, na miƙe ta wadda ba a bi.

Abin da ya fara tare ni shi ne Fadamar Haɗiya. Daga nesa kamar fili ne mai ɗanyar ciyawa, har ido ya gaji bai ga ƙarshensa ba. Na taka, ƙasa ta karɓe ni zuwa gwiwa. Na yunƙura, ta karɓe ni zuwa ƙugu. Gefena ga ƙahonnin ɓauna a tsaye, sauran jikin yana ƙasa. Na lura salkata da ta faɗi a kwance ba ta nutse ba, sandata kuwa da na kafa a tsaye ta shige. Sai na kwanta rigingine, na zaro ƙafafuna a hankali, na yage bakin rigata na ɗaura faifai ɗaya a kowace ƙafa. Na miƙe. Laka ta yi ƙugi, amma ta ɗauke ni.

Ina tafe ina tale ƙafa kamar agwagwa, sai ga kwalekwale cike da mutane a wata siririyar hanyar ruwa, sun auna ni da mashi. Mutanen fadama ne, a jirgi ake haifarsu, a jirgi suke mutuwa, suna hangen tsibirai masu dabino ba su taɓa isa gare su ba.

Babbansu ya daka tsawa, "Kai! Mutum ko aljan?"

"Mutum ne, baba, da murfin tuwo a ƙafa."

Suka matso suka duba, sai dariya ta ƙwace wa mai riƙe da mashi har ya faɗa ruwa. Kafin rana ta yi sanyi matansu sun saƙa irinsa da kaba, yara suna tsere a kan laka, tsofaffi suna kuka da dabino a baki. Suka ce in zaɓi tukuici. Na zaɓi igiyarsu, wadda suke tufkawa da wata ciyawar ruwa: kaurinta bai wuce babban yatsa ba, amma na ga an ja dorina da ita. Suka cika mini jaka, suka ƙara mini da dabino. Faifan yayata kuwa sun yi dauɗar da ba ta wankuwa.

Bayan fadama sai Dajin Kukoki. Kukokin can, inuwar guda ɗaya za ta rufe garinmu har da gonakinsa, a ƙarƙashinsu kuma kuraye ne masu girman raƙuma. Ɗaya ta biyo ni, ina jin hucinta a ƙeyata, sai ga kwando ya sauko daga sama, wata murya ta ce, "Faɗa ciki, wawa!" Na faɗa, aka yi sama da ni.

Gari ne sosai a kan rassan, da ɗakuna da awaki da kasuwa. Amma ni ban ga ko ɗaya ba. Idona yana kan abin da igiyar ta bi: itace ne kewayayye mai kauri, an sassaƙa masa kwari a gefe, igiya tana kwance a cikin kwarin, shi kuma yana juyawa a kan sanda. Gargare suke kiransa. Igiya na tafiya, yana tafiya tare da ita, ba ya cin ta. Abin da Tasalla ta rasa ke nan a bakin rijiyarmu. A nan ne kukan da na riƙe tun Kwarin Gawo ya zo mini, suka zaci tsoron kura ne.

Mutanen kirki ne, sai dai ba sa barin wanda ya ga gargare ya sauka, don kada maƙiya su koyi hawa. Na zauna ina taya su sassaƙa har hannuna ya haddace aikin. Su da ƙarfin maza suke ja, ba su san zancen ɗan'uwan nauyi ba. Wata rana na ɗora katako a kan reshe, na zauna a gefe ɗaya, na yi ta zuba 'ya'yan kuka a kwando a ɗaya gefen har muka yi daidai. Washegari da tsakar rana, lokacin da mutane da kuraye duk suke barci, na zura kwandon har ƙasa, na ɗaura ɗaya bakin igiyar a ƙuguna, na rataya jakata da salkata, na taka iska.

Na auna kaina, ban auna kayana ba. Maimakon in sauka a hankali sai na taho kamar jifa. Idon sawuna na hagu ya karye, shi ne ɗingishin da kuke gani har yau. Kwandon ya daki gargare a sama ya fashe, 'ya'yan kuka suka zubo suna gangarawa suna kacau-kacau, kuraye suka farka suka bi su a guje. Ni kuwa na ja ciki zuwa rafi, na rungumi wani gungume, ruwa ya tafi da ni. Ina cikin azaba, amma na riƙe abin da ƙafata ta koya mini, na adana shi kamar iri.

Gemuna ya kai ƙirji ranar da na hango Ƙololuwa. Dutse ne guda, miƙaƙƙe kamar bango, birni a kansa kusa da gajimare. Ba ruwa a sama ko ɗigo. Marmaro yana gindin dutsen, an sassaƙa matakala a jikinsa, mata suna hawa suna sauka da tuluna tun daga asuba, wuyan kowace ya karkace.

Na durƙusa zan sha, wata tsohuwa mai cika tulu ta tsura mini ido. Sunanta Daso.

"Ɗan nan, gemu ya rufe kumatu, amma bai rufe ido ba," ta ce a hankali. "Zo ka gani."

Ta kai ni gaban wani tarin duwatsu kusa da marmaro. "Mu masu ɗiban ruwa muka rufe 'yar'uwarka a nan. A masauki ta ga wuyana ta ce, wai wannan wautar har yaushe? Ban taɓa jin wanda ya ji haushi saboda ni ba sai ita. Ko sunanta ban sani ba."

"Za ki sani, Gwaggo. Kowa zai sani."

"Gidan mai masauki za ka? To ka kula. Ba ya tambayar sunan baƙo, ba ya yarda a faɗa masa. In bai san sunan ba, ya kira nasa a kan abin wani, hannunsa lafiya lau. Da haka ya tara abin da ya tara."

Mai masaukin shi ne Mai Mundaye, kuma kafin a gan shi ake jin sa. Mundayen ƙarfe tun daga wuyan hannu har kafaɗa, daga idon sawu har gwiwa, da wata ƙatuwa a wuya. In ya ɗaga hannu sai ka ce maƙera ce ke tafiya. Fuskarsa kuwa mai fara'a ce, wannan ne ya fi ƙona mini rai.

"Baƙona! Sannu da hanya, sannu da rana! A kawo fura!"

"Na gode, maigida. Ni sunana…"

Ya toshe kunnuwa, mundaye suka yi ƙara. "A'a, a'a! A gidan nan baƙo baƙo ne. Me ka kawo mana?"

Na sassaƙa ɗan ƙaramin gargare na nuna masa da zare da ƙoƙo biyu. Ya ƙura wa abin ido. Sai na marairaice na ce, "Maigida, na ji dokar garinku, ni kuwa gurgu ne matsoraci. Ba zan iya tsayawa gaban Magajiya ba. Ka ɗauka naka ne, ka bar ni in riƙa shafa wa igiya mai, in ci tuwo."

Ya rungume ni har ƙarfe ya shiga haƙarƙarina. "Ka ga baƙo mai hankali! Sauran duk taurin kai ne ya kashe su."

A bayan lambunsa, inda ya leƙa bakin dutse, na kafa gungumen giginya, na sa gargare a bakinsa, na ɗora igiyar fadama, babban kwando a kowane baki. Duk lokacin da zan taɓa igiyar sai in motsa leɓe, ina kiran sunan yayata a zuci. Ya tambaye ni, na ce addu'ar garinmu ce.

Bai yarda ya hau gaban jama'a ba sai ya gwada a ɓoye. Da sassafe ya fito, kuma don kada ƙarar ƙarfe ta tashi maƙwabta, ya tuɓe mundayen duka ya bar su a ɗaka. Ashe ƙaramin mutum ne, hannuwansa farare fat kamar rogon da aka fere. Na zaunar da shi a kan katako, na jera duwatsu har suka yi daidai da shi, na zura su ƙasa. Ya shiga kwando. Da hannu ɗaya na saukar da shi har gindin dutse, da hannu ɗaya na dawo da shi. Ya fito yana tsalle kamar ɗan akuya.

"Kada ka ƙara ko tsakuwa, kada ka rage!" ya ce. "Waɗannan duwatsun, su za a kai."

"Yadda ka ce, maigida."

Aka kwashe kayan zuwa Bakin Gwaji, inda ake tura mutane. Ni na sake ɗaurawa. Da ina zura kwandon duwatsu, igiya ta kai rabi, sai na buɗe tufkarta na cusa wani gajeren itacen kirya a gicciye, na ci gaba da zurawa har ya ɓace wa ido. Mutuwar farat ɗaya ba ta ishe ni ba. Ita ya ba yayata, ni kuwa ba rowa zan yi masa ba.

Ranar gwaji birni ya fito kaf. Magajiya, tsohuwa mai ido ɗaya, tana zaune a kan buzu. Mai Mundaye ya iso cikin ƙarfensa duka, domin a al'adarsu mai dabara ba ya zuwa gwaji sai da mundayensa, kuma wanda ya cire munduwa a gaban Magajiya ya shaida ke nan ba tasa ba ce. Ya yi jawabi mai tsawo a kan yadda wuyan mata ya daɗe yana hana shi sukuni. Ya kama igiya, ya kira sunansa da ƙarfi, ya shiga kwando.

"Baƙona, saki!"

Na kwance ɗaurin.

Kwando ya ɓace daga bakin dutse kamar an fizge shi. Gargare ya yi kururuwa, hayaƙi ya tashi daga sandarsa, mata suka ɗora hannu a ka. Sai itacen kirya ya iso ya cije a bakin gargare, komai ya tsaya cak. Gungumen giginya ya lanƙwasa ya yi ƙara, tsaga ta buɗe a bayansa. Muka leƙa. Yana can a rataye, rabin hanya tsakanin birni da ƙasa, kwando yana juyi da shi.

"Baƙona! Me ya faru?"

"Nauyi, maigida! Gungume zai karye! Rage nauyi!"

Ya jefar da rawani, ya jefar da takalma, ya jefar da babbar riga. Gungume ya sake ƙara. Sai muka ga ya kama munduwar hannunsa.

Magajiya ta sa aka kai ta bakin dutse. Muryarta siririya ce, amma dutsen yana ɗaukar magana. "Wadda ka cire, ta wace dabara ce? Wa ke da ita?"

"Ta murhu mai fitar da hayaƙi waje! Wani baƙo ne, dogo, mai tari!"

"Sunansa?"

"Ban sani ba!"

Munduwa ta tafi tana walƙiya. Ya kama wata. Ta fitilar da iska ba ta kashewa, wani tsoho ne mai ido ja. Ta rumbun da gara ba ta hawa, wasu tagwaye ne. Ta tarkon ɓera, ta tulu mai sanyaya ruwa, ta maɗaurin goyo da ba ya kwancewa: wani mai ƙusumbi, wata mai ciki, wani da ba ya jin harshenmu. Babu suna ko ɗaya. Duk waɗannan an tura su daga daidai inda muke tsaye, kuma da hannun mutanen da ke sauraro. Mata suka fara goge tafin hannu a zane suna tofar da yawu, don kowace ta kira sunan nan da safe a gaban murhunta.

Saura ta wuya. Ya riƙe ta da hannu biyu, bai cire ba. Tsagar gungume ta ƙara buɗewa.

"Ta dutsen niƙa ce," ya ce da kuka. "Wata mace, mai tsaga biyu, mai surutu."

Ban san na yi magana ba sai da na ji muryata ta dawo daga dutse. "Wa ya ci cibiyarta da zarto?"

Ya ƙara ƙanƙame munduwar. Na dafa gungumen da sandata, na ɗan danna.

"Ni ne! Ni ne! Ku fitar da ni!"

Ta wuya ta bi sauran. Gungume ya miƙe ya huta. Yanzu shi da duwatsunsa sun yi daidai, ba ya hawa ba ya sauka sai an ja. Magajiya ta ce a jawo shi ya amsa a gabanta. Dogarai suka taho da sauri, suka miƙa hannu, sai suka tsaya suna duban juna.

"Ranki ya daɗe, sunan wa za mu kira?"

Aka tambaye shi. Ya ce, "Na baƙon nan ne! Gurgun nan!"

"Sunansa?"

Ya buɗe baki. Na ga ya buɗe shi, daga can nesa, baƙin rami a farar fuska.

Ido duka ya dawo kaina. Na nemi inuwa na zauna, na ciro dabinon fadama da ya rage a jakata, na ci a hankali, ina tsotse kowane ƙwallo. Rana ta hau ta tsaya a tsaka. Ungulaye suka taru suna kewaya kwandon, har ɗaya ta sauka a bakinsa. Ya yi mini alkawarin gidansa da lambunsa. Ya kira ni ɗan'uwa, ya kira ni uba. Da muryarsa ta dushe sai ya koma kiran "Baƙona" kawai, kamar ɗan akuyar da aka ɗaure a rana. Ban taɓa cin dabino mai zaƙin wannan ba.

Da rana ta karkata, Gwaggo Daso ta zo ta tsuguna kusa da ni.

"Ɗan nan, ka ƙoshi?"

"Da saura, Gwaggo."

"Ba don shi nake magana ba, ungulu ta cinye shi mana. Dubi can." Ta nuna matakala. Yaran mata ne a jere da tuluna, don gwaji ko ba gwaji, sai an sha ruwa. "In ka tafi da sunan a cikinka, ba mai taɓa igiyar nan har ta ruɓe. Ita da ta ga wuyana, me za ta ce maka?"

Na san abin da za ta ce, har da yadda za ta riƙe ƙugu.

Na tashi na je gaban Magajiya, na raba gemuna da yatsu har tsagar ta bayyana. Na ce, "Ranki ya daɗe, igiya ta mutanen fadama ce, gargare na mutanen kuka ne, ni ɗan aike ne kawai. Wadda ta ce a samo wa nauyi ɗan'uwansa, ita ce mai dutsen niƙa, tana kwance a gindin dutsenku. Sunanta Tasalla."

Daso ce ta fara maimaitawa, sannan matan ruwa, sannan birni duka, har dutse ya amsa. Dogarai suka kira sunan suka ɗan jawo igiya, na bi gungume da rarrafe na zare itacen kirya, na ajiye shi a gaban Magajiya.

Ta juya shi da ƙafa. "Kai ka sa wannan?"

"Ni ne. Ba don shi ba, da tuni ana tsintar mai masaukinku da tsintsiya."

Ta dube ni da idon nan ɗaya har na ji sanyi. Sannan ta ce, "Wanda ya wuce bakin dutse ranar gwaji ba ya dawowa. Haka doka take, ba a kuwa ce sai ya mutu ba. Ku saukar da shi."

Aka saukar da shi a hankali, kamar ƙwai. Kafin magariba kwandon ya dawo da tuluna cike da ruwa, yarinya guda tana ja da hannu ɗaya tana dariya. Aka tsinto mundayen, maƙera suka narkar da su suka yi wa gungumen ɗamara, suka yi wa gargaren sanda. Sauran dabarun da ba a san masu su ba, aka koma kiran su da "Baƙo mai tari", da "Tagwaye", da "Mai ciki". Munduwar da aka ba ni, na ce a kai ta kan tarin duwatsun da aka rufe yayata da su.

Shi kuwa, doka ta hana shi hawa, gabansa fadama da kuraye. Matan ruwa suka yanke masa aiki: ya cika tuluna ya jera a kwando, su sauko masa da tuwo. In ba ruwa, ba tuwo. Kuma yanzu ya san sunan gaskiya, yana tsoron hannunsa fiye da yadda yake tsoron Allah.

Ban iya zama a Ƙololuwa ba. Kowace safiya sunan yayata yana fitowa daga kowane gida, a bakin dutsen niƙa, a bakin igiya, ita kuwa ba ta amsawa. Na ɗaure faifaina na sauka ta matakala, ni kaɗai, don ba mai bin ta kuma. A marmaro na iske shi durƙushe, gwiwoyinsa sun fara kanta, kabarin yana gabansa. Ya ɗago kai.

"Baƙo," ya ce, "don Allah, kai mene ne sunanka?"

Na tsaya ina dubansa. Sai igiya ta motsa daga sama, ana neman ruwa. Ya miƙe da sauri, ya miƙa fararen hannuwan nan, ya ɗaga murya yadda za a ji shi a birni:

"Tasalla!"

Na gyara ratayar jakata na kama hanya. Har na shiga daji ina jin sa a bayana. Nan hikayata ta tsaya. Wanda ya zo da tulu, ya ɗauki abinsa.